A Tashi Tsaye Kan Kacalla Tun Ba Ta Cinye Fadamunmu Ba

Malam Edita,

Don Allah ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in yi kira ga 'yan'uwana manoma na Gusau da Tsafe da Bungudu a kan ciyawar nan da ake kira kacalla.

Ni manomi ne, in rani ya yi kuma nakan taɓa fataucin busasshen kifi daga Nguru zuwa kasuwar Gusau. A can na ga aikin kacalla da idona. Ciyawa ce da ta fi mutum tsawo, kanta kamar zangarniyar gero. Inda duk ta kama, kwalekwale ba ya wucewa, masunci ba ya jefa taru. Burgun da shanu ke ci da badon da yara ke tsinka duk sai ta kashe su. A cikinta tsuntsayen jan baki ke kwana, da safe su faɗa wa shinkafa da gero. Ga sauro, ga katantanwar da ke jawo tsargiya.

Mutanen can sun ce da ba haka abin yake ba. Da ruwa yakan zo da damina ya janye da rani, ƙasa ta bushe, ciyawar ta mutu. Bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, sai ruwa ya koma kwanciya duk shekara a wasu wurare, ita kuwa kacalla abin da take so ke nan. Ta toshe hanyoyin ruwa tsakanin Haɗeja da Nguru, wasu gonaki suka nutse, wasu kuma ruwan ya daina kai musu.

To jama'a, abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, bana na ga tsiron kacalla a gefen fadamar da nake noman tumatur da albasa kusa da Gulbin Sokoto. Na yi wa maƙwabcina magana, ya ce haba Malam, 'yar wannan ce za ta hana ka barci? Wallahi ita ce. Irinta kamar auduga yake, iska ke yawo da shi, saiwarta kuma tana tafiya ta ƙarƙashin ƙasa. Mu ma muna da ruwa kwance, ga madatsar Gusau, ga Bakolori a gabanmu, ga kududdufai a Tsafe. Kowa kuma ya san halin da muke ciki na rashin tsaro. Gonar nesa ta gagari da yawa daga cikinmu, fadamar bakin gari ce ta rage muke ci da iyali. In ita ma ta tafi, ina muka dosa?

Wasu za su ce a banka mata wuta kawai. Wuta ganye take ci, saiwar tana nan, ruwa na taɓa ta sai ta sake fitowa. Abin da na koya a Nguru shi ne a yanke ta ƙasa da ruwa yadda ruwan zai rufe kututturen, domin ta karan take shan iska. A yi haka sau biyu ko uku, kuma tun kafin kanta ya nuna. Inda ƙasa ta bushe a tone saiwar a shanya ta. Wadda aka yanka ma ba asara ba ce, ana saƙa tabarma da zana da ita, a ƙasar Senegal har gawayi ake yi da ita.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu masu martaba, Sarkin Katsinan Gusau da 'Yandoton Tsafe da Sarkin Fulanin Bungudu, su umarci hakimai da masu unguwanni a riƙa yin gayya ana share fadamu kowane rani. Shugabannin ƙananan hukumomi su taimaka da lauje da takalman ruwa, malaman gona kuma su zaga ƙauyuka su nuna wa mutane kamanninta. Hukumar Raya Kogunan Sokoto da Rima ita ma ta sa ido a magudanan ruwanta.

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya sa masu abin su ji, ya ba mu lafiya da zaman lafiya, amin.

Naka mai karatu kullum,
Wani manomi,
Bungudu, Jihar Zamfara.