Zane Ne Ko Aikin Akawu?

Akwai wata magana da nake yawan ji a bakin waɗansu 'yan'uwa ɗalibai, har da malamai, wai duk zanen da ya tsoma baki cikin siyasa ya tashi daga fasaha ya koma farfaganda. Da an ambaci masu zana taswirar alaƙa, wato masu jan layi daga sunan attajiri zuwa banki, daga banki zuwa ɗan siyasa, sai su taɓe baki su ce ai wannan aikin akawu ne. Ni kam ban yarda ba.

A 1971 wani Bajamushe mai suna Hans Haacke ya ɗauki hotunan gidajen haya 142 a birnin Niyok na Amurka, akasarinsu a unguwannin talakawa, ya bi takardun hukuma ya nuna yadda tarin kamfanonin da suka mallake su duk igiyarsu na hannun iyalin Shapolsky. Bai zagi kowa ba. Amma gidan nunin zane-zane na Guggenheim ya soke nunin, aka kuma sallami Edward Fry, jami'in da ya shirya shi. To, jama'a, in aikin akawu ne kurum, mene ne na firgita?

Mark Lombardi, Ba'amurke, ya fi ba ni mamaki. Fensir da takarda ne makamansa, sai katuna fiye da 14,000 da ya cika da bayanan da ya tsinto daga jaridu da littattafai. Ya zana bankin BCCI, wanda aka rufe a 1991, da 'yan da'irori da layuka masu lanƙwasa, inda aka kai ga kotu kuwa ya rubuta da ja. Daga nesa ka rantse saƙar gizo-gizo ce don kyau. Sai ka matso ka ga sunayen manya. Wannan kyawun shi ne tarkon, don shi ke tsai da mutumin da ko da kuɗi ba zai karanta rahoton kwamitin bincike ba. Lombardi ya rasu a 2000. Bayan harin 11 ga Satumba 2001, hukumar FBI da kanta ta je gidan nuni na Whitney neman duba zanen nan.

Na san za a ce layi ba hukuncin alƙali ba ne, don an ci tuwo da ɓarawo ba a zama ɓarawo ba. Haka ne. Sai dai mai zanen bai yanke hukunci ba, ya shimfiɗa abin da ke rubuce ne a fili, kowa ya duba da idonsa.

Abin ban haushi, mu da muke jinjina wa maroƙi in ya jero salsalar basarake tun daga kakan kaka, mu ne ke raina wanda ya jero salsalar kuɗi. BCCI ɗin nan kuwa har a Nijeriya ya yi harka. Masu zanen jami'o'inmu fa, takarda ce ta ƙare musu ko fensir?