Na'urar Da Za Ta Haifi Wadda Ta Fi Ta: A Auna Kafin A Gaskata

'Yan'uwa ɗalibai, akwai wata magana da ta cika gari a wannan zamani, wai rana na nan tafe da na'ura mai ƙirƙirarriyar basira za ta ƙera wadda ta fi ta wayo, ita ma ta ƙera wadda ta fi ta, har ɗan Adam ya koma ɗan kallo. Maganar ba sabuwa ba ce. Tun cikin 1965 wani masanin lissafi na Ingila, I. J. Good, wanda ya yi aiki tare da Alan Turing lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya yi wannan hasashe. A ganinmu bai kamaci mai ilimi ya haɗiye ta ba tauna ba, bai kuma kamace shi ya yi mata dariya ba. Sai a ɗora ta bisa ma'auni, kuma masana tattalin arziki sun tanadar mana da shi.

Da farko, cikin 1990 Paul Romer na Amurka ya nuna cewa dabara ba kamar buhun gero take ba. Buhu in wani ya cinye, shi ke nan. Amma dabarar haɗa ruwan gishiri da sukari don ceton yaro mai gudawa, iyaye mata dubu na iya aiki da ita a lokaci guda ba ta ragu ba. Saboda haka yawan masu bincike shi ke kawo yawan dabaru, dabaru kuwa su ke haɓaka arzikin ƙasa. Wannan nazari ne ya ba shi lambar yabo ta Nobel a 2018. To, idan na'ura ta zama mai bincike, ana iya yawaita ta dubbai cikin ɗan lokaci, alhali mutum sai an shekara ashirin da ɗoriya ana renonsa kafin ya zama masani. Ko shakka babu, nan ƙarfin hujjar masu hasashen yake.

Amma fa rijiyar ilimi ƙara zurfi take yi. Cikin 2020 Nicholas Bloom da Charles Jones da abokan aikinsu biyu suka duba masana'antar ƙwaƙwalwar kwamfuta, inda 'yan mitsi-mitsin makunnan lantarki da ake jerawa a ciki ke ninkuwa kusan duk shekara biyu. Suka tarar cewa masu binciken da ake bukata don samun ninki ɗaya sun haura ninki 18 na waɗanda aka bukata a farkon shekarun 1970. Ruwan sama-sama an kwashe shi, saura sai da doguwar igiya. Ashe maganar tsere ce: idan ƙarin wayon da kowace sabuwar na'ura ta samu ya zarce ƙarin zurfin rijiyar, abin zai yi ta hauhawa. Idan bai kai ba, gudun zai lafa, kome yawan masu jan guga.

Bugu da ƙari, ko da na'ura ta ci wannan tsere, akwai sauran rina a kaba. Cikin 2017 Philippe Aghion da Benjamin Jones da Charles Jones suka ɗauko tunanin William Baumol, suka nuna cewa aikin da ya zama dole amma yake wuyar gaggautawa, shi ke yanke saurin bunƙasar arziki. Ayari ba ya wuce jakinsa mafi rauni. A 2020 na'urar AlphaFold ta warware matsalar gano siffar sinadaran furotin, wadda ta gagari masana shekara hamsin. Duk da haka sabon magani sai an shekara da shekaru ana gwada shi a jikin mutane, sabon iri kuma sai an shuka shi an jira kaka. Ita kanta na'urar ba ta motsi sai da wutar lantarki mai ɗimbin yawa.

Ina ruwanmu da wannan duka? Ruwanmu biyu ne. Na ɗaya, jakin nan mai rauni shi ne fagen aikinmu: ɗakin gwaje-gwaje, gonar gwaji, asibiti da tashar wuta. Ɗalibin da ya saki karatu don wai na'ura za ta yi kome, ya saki reshe ya kama ganye. Na biyu, Romer da kansa ya nuna cewa dabara ba ta ƙarewa, amma ana iya yi mata shinge. Manyan na'urorin nan suna hannun kamfanoni 'yan ƙalilan, akasari a Amurka da Sin. Idan rijiya ta cika amma guga na hannun wani, ƙishirwa ba ta bar mu ba.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa na sashen lissafi, da na tattalin arziki, da na aikin gona, su riƙa tambayar duk mai busharar wannan rana abu uku: yaya zurfin rijiyar yake ƙaruwa, wane aiki ne ba ya gaggautuwa, kuma wa ke riƙe da guga? Allah Ya sa mu dace.