Kanan-Bakashe: Haɗarin da ke jiran magidanci ranar da ya ajiye hauya

A watan Yunin 2024, Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta fitar da alƙaluman da suka nuna cewa kashi 31 cikin 100 na manyan mutane a duniya, wato kimanin mutum biliyan 1.8, ba sa motsa jiki yadda ya kamata. Duk wanda ya karanta wannan labari a Kanan-Bakashe, cikin gundumar Mayahi ta jahar Maraɗi, zai iya cewa ba da mu ake ba. Manomin da ke wuni a gonar hatsi, da matar da ke daka da jan ruwa a rijiya, da mai yankan kaba a Gulbin Kaba, wa zai koya musu motsa jiki?

Gaskiya ne, amma da sauran magana. A nan mutane ba su rasa motsi tun suna yara ba. Matsalar ita ce lokacin da suke daina shi.

Dubi rayuwar magidanci. Yana yaro ya yi langa da kokowa a dandali, ya yi kiwo, ya tafi lakkwal a ƙasa. Yana saurayi ya yi noma, ya tafi cin rani. Da ya kai shekara arba'in, Allah ya buɗa masa, sai ya sayi babur, ya buɗe shago, ƴaƴa suka karɓi gona. Daga gida zuwa masallaci ma sai a kan babur. Tuwo ya ƙaru, ga tsire, ga shayi mai sukari sau uku a wuni. Tumbi ya fito, jama'a na cewa ya samu hutu. Mata ma haka: injin niƙa da famfo sun rage musu wahala, kuma alheri ne babba, sai dai uwargidan da ta samu surukai takan koma zaman tabarma ɗungurungum.

A daidai wannan shekaru ne jiki ya fi buƙatar motsi. Likitoci sun nuna cewa daga shekara 30 naman jiki yana raguwa da kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara goma, kuma zama wuri ɗaya na ƙara saurin raguwar. Naman jikin nan shi ne ke ƙone mafi yawan sukarin da ke cikin jini. Idan ya ragu, ƙiba ta hau, sai ƙofa ta buɗe wa ciwon sukari da hawan jini. Ƙarfin da mutum ya tara a ƙuruciya ba hatsi ba ne da za a zuba a rumbu a riƙa ɗiba. In aka bar aiki da shi, cikin watanni yake zubewa. Ko ƴan kokowar da ke neman takobin ƙasa, gasar da aka soma a Tawa a 1975, sun san cewa wanda ya bar atisaye ba ya daɗewa a fili.

Wannan ba sabon sani ba ne. Tun a 1953, wani likitan Ingila, Jeremy Morris, ya kwatanta direbobin motocin safa na birnin Landan da yaran mota masu karɓar kuɗi, waɗanda ke wuni suna hawa da saukar bene. Ya gano cewa ciwon zuciya ya fi kama direbobin da ke zaune. Ɗan kabu-kabu da mai tsaron shago su yi wa kansu hisabi.

A Nijar, binciken STEPS na 2007 ya gano cewa da yawa daga cikin manyan da aka auna suna da hawan jini. Cuta ce da ba ta sallama. Sau da yawa ba a ganewa sai ranar da mutum ya faɗi, ɓarin jiki ya shanye. Daga nan sai ɗaukar mota zuwa asibitin Mayahi ko Tasawa, wani lokaci har Maraɗi. Tsarin magani kyauta da gwamnati ta kawo a 2006 ya shafi yara ƴan ƙasa da shekara biyar da wasu hidimomin mata masu ciki, bai haɗa da hawan jinin magidanci ba. Ke nan tumaki da hatsin gida ne za su biya, kuma wanda ya kwanta shi ne mai ciyar da gidan.

Abin da OMS ke nema bai fi ƙarfin kowa ba: minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, kamar tafiya da sauri, da kuma aikin ƙarfafa jiki kwana biyu a mako. Rabin awa ke nan a kwana biyar. Ba ya buƙatar takalmin wasa ko filin ƙwallo. A ajiye babur a tafi kasuwa a ƙasa. A zaga gona bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi, musamman da rani, lokacin da aikin gona ya tsaya. A rage gishiri da dunƙulen miya. Wanda ya daɗe bai motsa ba, ko yake jin ciwon ƙirji, ya fara zuwa CSI a auna jininsa.

Babban cikas shi ne kunya. Dattijon da aka gani yana sauri a ƙasa, sai a tambaye shi ko lafiya, ko babur ya lalace. Nan ne aikin magajin gari da limamai da gidajen rediyon karkara yake. Idan mai gari da liman suka fito tafiyar safe, ba wanda zai sake yi wa wani dariya. Ƙungiyoyin mata na asusu kuwa za su iya sa tattaki cikin ranar haɗuwarsu. Hausawa sun ce motsi ya fi laɓewa, kuma na'urar awon jini a CSI tana iya nuna wa kowa gaskiyar haka.