Hutu A Cikin Jirgin Ruwa: Abin Da Uwargida Za Ta Duba Kafin A Biya Kuɗi

A wannan watan za mu taɓa wata magana da ta fara yawa a bakin iyalan da ke zuwa Masar, ko don ganin likita, ko kai yaro karatu, ko fatauci. Da an gama abin da aka je yi sai a ce wa maigida, ai bai kamata ku koma gida ba ku hau jirgin ruwa a kogin Nilu ba. Shi kuma sai ya waiwayo ya ce, Hajiya kin yarda? To kafin ki amsa, ya kamata ki san abin da ake kiran ki zuwa gare shi, domin kuɗin ba kaɗan ba ne, kuma idan jirgi ya bar gaɓa babu zancen na fasa.

Irin wannan jirgi otal ne da ke tafiya a kan ruwa. A ciki za ku kwana, a ciki za ku ci abinci sau uku, ya riƙa tsayawa a garuruwa kuna sauka kuna kallo. Mafi yawansu tsakanin Luksor da Aswan suke kai da kawowa, a kudancin ƙasar, tafiyar da ta ɗan haura kilomita 200. Daga Alƙahira zuwa Luksor kimanin awa ɗaya ne a jirgin sama, akwai kuma jirgin ƙasa mai ɗakin kwana da ke tafiyar dare. Wanda ya taso daga Luksor yakan yi kwana huɗu saboda yana hawan ruwa ne, wanda ya taso daga Aswan kuwa kwana uku. Ni dai na fi son mai kwana huɗu. Wuraren da ake gani ɗaya ne, amma a na kwana uku ana tashin mutum tun duku-duku ana kora shi kamar ɗan makarantar kwana, mai yara ƙanana kuwa ta san abin da ake nufi da shirya yaro uku kafin rana ta fito.

Lokacin zuwa shi ne daga Oktoba zuwa Afrilu. Kada ki ce ai mu 'yan ƙasar zafi ne. A watannin Yuni zuwa Agusta zafin Aswan yakan wuce digiri 40, kuma yawon duk a cikin duwatsu ake yin sa, babu inuwar darbejiya ko ɗaya. A Disamba da Janairu kuma daren kan ruwa yana da sanyi sosai, ki riƙe wa yara rigunan sanyi kamar na hunturu.

Maganar ɗaki ita ce na fi so mu tsaya a kanta, don a nan ne mace za ta ji daɗi ko ta takura. Ɗakunan hawa na ƙasa sun fi araha, amma suna daf da ruwa, kuma waɗanda ke can baya suna kusa da inji, ƙara da warin mai ba sa barin mutum ya yi barci. Ki roƙi maigida ya nemi hawa na tsakiya, ɗakin da ke tsakiyar jirgi ko wajen gaba. Na can sama kuma yana ƙarƙashin rufin da ake zama a kai, za ki kwana kina jin jan kujeru. Sai wani abu da masu talla ba sa faɗa. Jiragen suna da yawa, wurin tsayawa kaɗan ne, don haka jera su ake yi gefe da gefe, uku, huɗu, har fiye. Tagar nan babba da aka nuna muku a hoto tana kallon kogi, da dare sai ki tarar tana kallon tagar wasu mutane, tsakaninku bai fi taku ɗaya ba. Da jirgi ya tsaya ki ja labule kafin ki cire mayafi, ki kuma koya wa 'yan matanki haka. Wajen sauka ma sau da yawa ta cikin zaurukan waɗancan jiragen ake ratsawa kafin a kai tudu, saboda haka ki riƙe sunan naku da kyau, ki riƙe hannun ƙaramin yaro wajen tsallakawa.

Wadda Allah ya hore wa maigidanta, akwai wani ƙaramin jirgi mai filafilai da suke kira dahabiyya, ɗakunansa ba su da yawa, wani lokaci iyali ɗaya ko biyu kan ɗauke shi gaba ɗaya. Ya fi tsada, ya fi tafiyar hawainiya, amma babu hayaniya, kuma kina iya zama ki sha iska ba tare da idon baƙi ba. Da za a ba ni zaɓi shi zan ɗauka.

Rufin jirgi shi ne wurin da ya fi ko'ina daɗi, kuma shi ne ya fi buƙatar dabara. A nan wurin ninƙaya yake, kuma Turawa na kwanciya shan rana da shigar da kin sani. Daga hantsi zuwa la'asar nasu ne. Ke ki ɗauki bayan sallar asuba da kuma gab da magariba. A waɗannan lokuta wurin kusan fayau yake, iska na kaɗawa, ga gonakin rake da ayaba da dabino suna wucewa, ga masunta a kwalekwale, ga kiran salla na tasowa daga ƙauyukan gaɓa biyu. Da dare akan yi shagali, wani daren har da rawar mata. Ba dole ba ne, babu mai zuwa ya ƙwanƙwasa miki ƙofa. Ki duba takardar shirin yini da suke liƙawa, ki san daren da za ki kwantar da yara da wuri. Akwai kuma wurin sayar da giya a yawancin jiragen, a nemi tebur nesa da shi tun ranar farko, domin teburin da aka ba ku shi ne naku har ƙarshen tafiya.

Salla ba ta da wuya kamar yadda ake tsoro. Nilu ba shi da igiyar ruwa, mutum na tsayuwa daram ya yi sallarsa. Alƙibla daga wannan yanki gabas ce maso kudu, amma da yake kogin na lanƙwasa, ki duba na'urar alƙibla ta wayarki a kowace salla, kada ki dogara da inda kika fuskanta ɗazu. Idan jirgi ya juya kina cikin salla, ki juya ki bi alƙibla gwargwadon iko. A mazhabar Malikiyya matafiyin ruwa yana yin ƙasaru idan tafiyar ta kai mil 48, wato kimanin kilomita 80, amma rangwamen haɗa salla biyu saboda tafiya na matafiyin tudu ne, ban da na ruwa. Malaman mazhabar sun kuma karhanta ƙasaru ga wanda tafiyarsa wasa ce zalla, don haka yana da kyau maigida ya zauna da malaminsa kafin a tashi, a san matsayin da ake ciki. Wanda ya fi sauƙi shi ne a lura da lokutan tsayawar jirgi. A Luksor ma akwai masallacin Abul Hajjaj, wani shehi na ƙarni na 13, an gina shi a cikin tsohon ginin Fir'aunoni, kuma har yau ana salla a ciki.

Abinci ba abin damuwa ba ne ta fuskar halal, ƙasar Musulmi ce kuma masu girkin 'yan ƙasa ne. Matsalar ita ce lami. Don baƙi ake dafawa, babu yaji babu daddawa, ki ƙulla yajinki a ƙaramin gwangwani. Za ki ga abubuwan da kika sani: miyar kuɓewa, da miyar lalo da suke kira mulukiyya, da zoɓo da suke kira karkade. Ruwan famfon jirgi na wanka ne kawai. Ruwan gora kuma galibi ba ya cikin kuɗin da aka biya, kuma ya fi tsada a ciki, ki saya a gari ki shigo da shi in sun yarda. Ki yi hattara da ɗanyen ganye da ƙanƙara ga yara, ki kuma riƙe gishirin haɗa ruwan zawo a jaka.

Wuraren kallo suna da yawa, ba sai kin shiga kowanne ba. A Luksor akwai Karnak da Kwarin Sarakuna, inda aka gano kabarin Tutankamun a 1922. Kaburburan ramuka ne masu gangara da zafi, tsohuwa mai ciwon gwiwa ta zaɓi ɗaya ta huta. A Esna jirgi na shiga wata ƙofar ruwa, a rufe, a ɗaga shi ko a sauke shi zuwa tsayin ruwan gaba, yara na son wannan ƙwarai. A nan ne 'yan tireda ke zuwa a kwalekwale suna jefo riguna da mayafai sama cikin leda, in kin so ki jefa kuɗi, in ba ki so ki mayar musu. Kada yaro ya cafe abin da ba ku da niyyar saya. A Edfu da keken doki ake kai mutane, a yi ciniki kafin a hau. A Kom Ombo akwai gidan ajiye busassun kadoji, a Aswan kuma ga babbar madatsar ruwa da aka gama a 1970, da kasuwar da za ki sayi zoɓo da dabino da lalle da garin goruba. Zuwa Abu Simbel tafiyar mota ce ta awa uku ko fiye, ana tashi cikin dare, kuma kuɗinsa daban ne. Mai goyo ta bar wa maigida.

Maganar kuɗi daban ɗin nan a tambaye ta tun a ofis, a rubuce: shin kuɗin shiga wuraren kallo na ciki, da ɗan jagora, da motar ɗauko ku daga filin jirgi? Sannan a ware tukuici, wanda suke kira bakshish. A ƙarshen tafiya ana sa na ma'aikatan jirgi a ambulan, na ɗan jagora daban, kuma albashinsu ya dogara da shi sosai. A nemi canji ƙanana tun a Alƙahira. Biza da katin rigakafin shawara kuwa tun daga gida ake gama su.

Wasu za su ce su na teku suke so, irin manyan nan masu ɗaukar dubban mutane. A Disamba 2024 wani kamfanin Saudiyya mai suna Aroya ya fara irin wannan tafiya daga Jidda a tekun Maliya, babu giya babu caca a cikin jirginsa, abin da zai ja hankalin masu zuwa Umara. Sai dai teku ba kogi ba ne. Yana jijjiga, yana kawo jiri da tashin zuciya, kuma a nan shawarar ɗaki ta sauya: hawa na ƙasa a tsakiyar jirgi ya fi rashin girgiza. Citta na taimakawa, akwai kuma magani da likita zai rubuta. Yawancin manyan kamfanoni ba sa ɗaukar mai cikin da ya kai mako 24, ko jaririn da bai kai wata shida ba, a tambaya kafin a biya. Suna kuma ƙara kuɗin hidima na kowace rana a kan kowane mutum. Idan aka sauka a gari aka ce a dawo ƙarfe biyar, to biyar ɗin ce, jirgi ba ya jiran wadda ta tsaya cinikin abaya. Ki sa agogonki daidai da na jirgi, ki dawo da saura awa guda.

Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.