Kokawa: Yadda Maraɗi za ta tace mutum goma na Takobi daga fagagen kaka

Da zarar gero ya shiga rumbu a ƙasar Agye, Gazawa da Gidan Rumji, gangar kokawa ke karɓar dare. Watannin Oktoba da Nuwamba su ne farkon kakar wasa a nan, kuma a cikinsu ne ake fara gardamar da ba ta ƙarewa sai an rufe jerin sunaye: su wa za su wakilci jihar Maraɗi a gasar Takobin Ƙasa, wadda a 'yan shekarun nan ake yi a ƙarshen Disamba?

Lissafin kansa ya isa ya haifar da rigima. Jihohin Nijar takwas ne, kowace na zuwa da 'yan kokawa goma, jimilla 80. Ita kuwa Maraɗi gundumomi takwas gare ta, wato Agye, Bermo, Dakoro, Gazawa, Gidan Rumji, Madarunfa, Mayahi da Tasawa, ga kuma birnin Maraɗi na tara. Da rabon gado ake yi, da kowa ya samu kujera guda, ɗaya ta yi saura. Amma kokawa ba ta san wannan adalcin ba. Gunduma ɗaya na iya fitar da gwanaye uku a shekara guda, maƙwabciyarta ta rasa ko ɗaya, kuma duk wanda aka bari a gida yana da dangi, da makaɗi, da mai gidan da ya kashe masa kuɗi.

Maraɗi ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Ɗanta Yakuba Ango, wanda aka fi sani da Kantu, shi ya ɗauki takobin farko a Tawa a 1975, kuma sunansa ne filin kokawar birnin ke ɗauke da shi. Bayansa an yi su Labo Maikafo da Umaru Bindigau. Wannan tarihin ne ya sa mutanen jihar ba sa karɓar uzuri, shi ne kuma ya sa masu zaɓe ke jin tsoron gwada sabon jini.

Matsalar farko ita ce yadda ake karanta sakamakon farkon kaka. Yaro ya kayar da mutum biyar a kasuwar Cadawa ko a Gangara, kafin gari ya waye bidiyonsa ya zagaye WhatsApp, 'yan ci-rani a Kano da Agadas da Tripoli sun naɗa shi sarki. To amma su wa ya kayar? A wannan lokacin manyan 'yan kokawa da yawa ba su gama dawowa cikin jikinsu ba. Wasu daga gona suka fito, wata huɗu suna noma. Wasu kuma da gangan suke kauce wa karon ƙauye, don targaɗe ɗaya a gwiwa ya isa ya cinye musu shekara. Kaye biyar a kan waɗanda ba su shirya ba bai kai darajar canjaras ɗaya da gwani ba, sai dai bidiyo ba ya nuna wannan bambancin.

Masu karatunmu da ke Amurka sun san irin wannan ruɗin a wasan besbol. Can kowace ƙungiya ta babbar gasar tana buga wasa 162 a kaka, da 'yan wasa 26 a jerinta, kuma duk watan Afrilu sai an samu wanda ya tashi kamar guguwa, jaridu su yi ta kururuwa, kafin Yuni a mayar da shi ƙaramar gasa. Bambancin shi ne su suna da wata shida na gyara kuskure, su sauke wannan su ɗauko wancan. Mai zaɓen Maraɗi ba shi da wannan sararin. In ya rubuta sunaye goma, da su zai tafi, da su zai dawo.

Sannan ga dokar gasar, wadda ita ce ya kamata ta jagoranci zaɓen amma ba kasafai ake kawo ta cikin gardama ba. A Takobi jiha da jiha ke karawa, mutum da mutum, kuma wanda ya faɗi sau ɗaya ya fita daga neman takobi ko da zai ci gaba da kare sunan jiharsa. Waɗanda suka tsallake ba tare da sun sha ƙasa ba su ne ke kaiwa zagayen ƙarshe. Ma'ana, gasar ta fi saka wa wanda ba ya faɗuwa fiye da wanda ya iya kayarwa. Matashi mai zafin kai hari, irin wanda ke tayar da fage a Gazawa, yana iya burge jama'a kwana biyu, a rana ta uku tsohon hannu ya jira shi ya miƙo ƙafa. Kadri Abdu na Doso, wato Isaka Isaka, da ya ɗauki takobi har sau shida, ƙarfi yana da shi, amma haƙuri da karanta abokin karo su ne jarinsa.

Wannan ba hujja ba ce ta cika jerin da tsofaffi. Alƙalai suna ba da gargaɗi ga mai gudun karo, kuma gargaɗin na iya kayar da mutum ba tare da bayansa ya taɓa ƙasa ba. Dokar ta zo ne don maganin masu riƙe-riƙe da cin lokaci, kamar yadda hukumar besbol ta sanya agogo a kan mai jifa a 2023, abin da ya rage tsawon wasa da kusan minti 24. Gwanin da numfashinsa ya ragu, wanda dabararsa ta koma jira kawai, yanzu hatsari ne ga jiharsa. A ganina, jerin da ya dace shi ne mai gwanaye uku ko huɗu da za a iya dogara da su har ranar ƙarshe, sauran kuma matasa da za su koyi fagen ƙasa tun suna da sauran shekaru a gaba. Kuma tun da Takobi ba shi da ajin nauyi, saɓanin gasar ƙasashen Afirka ta Yamma, dole a duba jiki: ƙaramin gwani na iya cin ƙato sau ɗaya, da wuya ya maimaita kwana bakwai a jere.

Akwai abin da ya fi dabarar fage nauyi, shi ne wa ke nan lokacin da ake zaɓen. A Agye da Gazawa, saurayin da ya sayar da ayarsa ko gyaɗarsa ba ya zaman jiran takarda daga Maraɗi. Hanyar ci-rani a buɗe take, kuma iyali na jiran abin da zai aiko. In ba a sanar da ranar zaɓen gunduma da wuri ba, kuma ba a ɗauki nauyin motarsa da abincinsa ba, waɗanda za su hallara su ne masu mai gida, ba lalle mafiya iyawa ba. Gidan Rumji kuma tana da nata nauyin. Tun 2019 gundumar ke karɓar 'yan gudun hijira daga Sakkwato, Zamfara da Katsina, har aka tsugunar da wasu a Cadakori, Garin Kaka da Ɗan Daji Makau, kuma 'yan bindiga na tsallako iyaka. Kokawar ƙauye wasan dare ce. Inda mutane ke tsoron taruwa bayan isha'i, yaro ba ya samun karon da zai goge shi, sai ya iso zaɓen jiha da ƙarfi amma babu gogewa. Wanda zai auna shi da ɗan birni ya kamata ya san wannan.

Daga nan ne sauya sheƙa ke samun ƙofa. Ɗan kokawar da aka tsallake a gida yana iya samun jihar da za ta ba shi riga, kuma ba wanda zai zarge shi, tun da shekarun ƙarfi ba su da yawa. Abin takaicin shi ne ranar da ƙuri'a za ta haɗa shi da jiharsa ta haihuwa a gaban kyamarar Télé Sahel, mutanen garinsu su rasa wa za su yi wa addu'a.

Gyaran bai buƙatar miliyoyi. Reshen hukumar kokawa ta ƙasa, FENILUTTE, a Maraɗi zai iya fitar da ranakun zaɓe tun kafin girbi, ya bayyana a rubuce ko suna na bai wa wani kujera kai tsaye ko kowa sai ya shiga fage, ya kuma riƙa rubuta wa ya kayar da wa, domin a daina dogara da bidiyon daƙiƙa talatin. Agye, Gazawa da Gidan Rumji duk suna kan babbar hanyar ƙasa ta 1, don haka kai zagayen tacewa can bi da bi, da rana, ba abu ne mai wuya ba. Masu aiko kuɗi daga waje su ma suna da ta cewa: kafin su tura wa makaɗi ladan kirari, su tambaya ko yaron yana da kuɗin motar zuwa Maraɗi.