Gyaran Bayan Tsohuwar Fijo

Wannan wata zancenmu a kan tsofaffin motocin nan ne na Peugeot, 404 da 504, waɗanda muke kira Fijo. Duk wanda ya yi wayo kafin shekarar 2000 ya san su ne suka riƙe babbar hanya mai lamba 1, daga Lome zuwa Sokode, Kara, Mango, Dapaong har Sinkase. Yau motocin Japan sun karɓe tasha, amma a bayan gidajen zongo akwai sauran Fijo a jingine bisa duwatsu, kuma wasu 'ya'yan masu su sun fara tunanin tayar da su.

Motar ta cancanci wahalar. An fara ƙera 404 a 1960, 504 kuma a 1968, kuma 504 ce ta ci tseren Safari na ƙasar Kenya a 1975, shekarar da aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna. Injinta makanikin ƙauye ma ya san shi. Abin da ke kashe ta shi ne tsatsa, kuma daga baya take farawa: kwanon da ke saman tayar baya, da ƙasan but, da gindin fitila. Laka ta damina tana maƙalewa can ciki, ƙofofin da ruwa ke fita su toshe, ƙarfe ya ruɓe daga ciki fenti na nan yana ƙyalli.

A Amurka, masu tayar da tsofaffin motoci masu ƙarfin inji irin su Ford Mustang, wadda ta fito a 1964, sukan sayi sabon kwanon gefen baya ɗungurungum, domin akwai kamfanonin da ke buga shi har yanzu. Mu a nan dogaronmu ga mai bugun kwano ne, wanda muke ce wa tolye, mutanen Kano kuma su ce fanalbita. Ko dai ya yanko gefen daga wata matacciyar Fijo, ko ya auna falankin ƙarfe ya buga shi da guduma har ya ɗauki siffa. Dukansu biyu aiki ne mai kyau in an yi shi da gaskiya.

Inda nake da ja shi ne aikin mastik. Sau da yawa ana goge tsatsar sama-sama, a cusa ragar waya ko guntun gwangwani a ramin, a lafta mastik mai kauri, a fesa fenti. Mai mota ya ji araha ya yi murna. Damina ɗaya ko biyu sai wurin ya kumbura ya tsage. To, a ƙaramar 404 da 504 wannan ba maganar ado ba ce kaɗai, domin ba kamar babbar mota suke ba wadda jikinta ke ɗore bisa wani ƙashi daban. Jikin nasu shi ne ƙashin, kuma kusa da wurin nan ne sifirin na baya yake jingina. A ɗora buhunan masara da fasinja, a faɗa rami tsakanin Mango da Dapaong, mastik ba zai riƙe komai ba. Ga kuma hayaƙin salansa da ke bi ta ramukan but ya shiga wurin mutanen kujerar baya, galibi mata da yara.

Saboda haka in ka kai mota, ka tsaya a gabanka a kankare har ƙarfe ya fito fari, a yanke duk inda ya ruɓe, a wuce shi kaɗan. A gama gefe ɗaya kafin a taɓa ɗayan, don a sami abin gwaji. Kafin a kama da walda, a rataya ƙofar baya da murfin but a ga sun rufe daidai. Bayan walda babu sauran gyara sai yanka. Kwanon bai fi kaurin milimita ɗaya ba, don haka gwani ba ya jan wuta a miƙe: ɗigo nan, ɗigo can, yana barin wurin ya huce, in ba haka ba kwanon ya lanƙwashe. Sannan a shafa fenti mai hana tsatsa ciki da waje, a bar ƙofofin ruwa a buɗe. Mastik yana da wurinsa, amma shafe kaɗan ne don daidaita fuska.

Tankin mai na ƙaramar 504 a baya yake, ƙarƙashin but. Kada ka yarda a kunna wutar walda sai an sauke shi an kai shi nesa, an kuma cire kan batir. Tankin da aka ce babu mai a ciki ya fi cikakke haɗari, don tururin fetur shi ke fashewa.

Wanda kuma zai sayi Fijon da aka ce an gyara, ya tafi da ɗan mayen ƙarfe a aljihu, irin wanda muke nuna wa yara a aji. Ya bi da shi saman tayar baya da gindin fitila. Inda ya ƙi kamawa, mastik ne a ƙarƙashin fentin, sai a koma ciniki daga farko.