Ɗalibi, kada sheƙin kwamfuta ya ruɗe ka

Da zarar lokacin rubuta furojet ya kama, sai ka ga ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma suna zarya wurin masu gyaran kwamfuta. Wani ƙanena da ke haya a Makera ya yi asarar babi uku rana ɗaya. Laftof ɗinsa ta faɗo daga kan benci, ma'ajiyarta ta mutu, ba shi da kwafi ko'ina.

A ganina tun wurin saye ake yin kuskuren. Iyaye kan zaɓi sabuwa mai arha da ƙyalli, alhali ThinkPad, Latitude ko EliteBook ta hannu, wadda aka ƙera don aikin ofis, ta fi jure jijjiga a bayan babur, kuma kayan gyaranta ba su da wuyar samu a Kano.

Ma'ajiyar ta zama SSD, ko da 256GB ce, domin HDD faifai ne mai juyawa, faɗuwa ɗaya kan gama da shi. RAM kada ya gaza 8GB. A tabbatar tana ɗaukar Windows 11, don Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025. Batir kuwa, a zare caja a gaban mai shago a zauna a gani. Mun dai san halin wutarmu.

Sai dai SSD ma tana mutuwa, ga kuma ɓarayi. Google Drive na bayar da 15GB kyauta. Kowane dare ka tura abin da ka rubuta can, ka kuma kwafa a filas da ba ya kwana jaka ɗaya da kwamfutar.